Wa Ke Riƙe da Mudun? Sharhi Kan Burin Shekara a Makarantun Firamaren Amurka



Akwai wani zama da ake yi kowace shekara a dubban garuruwan Amurka, yawanci da yamma bayan an tashi daga aiki, a ɗakin taron wata makaranta ko ofishin ilimi. Shugaban gundumar ilimi zai miƙe gaban 'yan kwamitin da ke kula da makarantun, a kunna majigi, jadawali ya bayyana a bango. Ga burin da aka yanka a farkon shekara: kashi kaza na 'yan aji uku su iya karatu, kashi kaza su ci lissafi, fashin zuwa makaranta ya ragu da kaza. A gefen kowane buri an shafa launi. Kore na nufin an cimma, ruwan ɗorawa ana kan hanya, ja kuma an gaza. Idan kore ya rinjaya sai a tafa, washegari jaridar garin ta buga, kowa ya kama gabansa. Irin waɗannan gundumomi sun haura 13,000 a ƙasar, kuma a jihohi irin su Illinois da Kalifoniya da Arizona akwai waɗanda makarantun firamare kaɗai suke riƙewa. Wanda ya san sashen ilimi na ƙaramar hukuma a Najeriya zai iya kwatanta su da shi, sai dai can a mafi yawan wurare jama'ar gari ne ke zaɓen 'yan kwamitin, kuma kaso mai tsoka na kuɗin makaranta daga harajin gidajensu yake fitowa. Saboda haka wannan jadawali ba wasa ba ne a wurinsu. Da shi ake sabunta kwantiragin shugaba, da shi ake roƙon masu zaɓe su amince da ƙarin haraji, har darajar gidaje a unguwa tana bin sa.

Abin da nake son mu tsaya a kai yau shi ne, launin kore a wannan bango ba ya gaya wa uba ko uwa komai game da ɗansu sai an san abu biyu: a hannun wa mudun awon yake, kuma me zai sami mai riƙe da shi idan bai cika ba. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwa ya san cewa idan mai sayarwa shi ne mai mudu, shi ne kuma mai awo, sai ka buɗe ido. Tarihin makarantun Amurka na shekara ashirin da 'yan kai ya nuna cewa wannan hankali na kasuwa yana aiki a ofishin ilimi ma.

Mafarin lamarin shi ne ranar 8 ga Janairun 2002, lokacin da Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da aka yi wa laƙabi da "Kada a Bar Yaro Ko Ɗaya a Baya". Jam'iyyun ƙasar biyu duk sun mara mata baya, har da Sanata Ted Kennedy. Dokar ta wajabta a yi wa kowane yaro jarrabawar karatu da lissafi duk shekara daga aji uku zuwa aji takwas, ta kuma gindaya cewa kafin shekarar 2014 ta ƙare, yara ɗari bisa ɗari su kai matakin ƙwarewa. Tsakanin nan da can kowace makaranta tana da tsanin da za ta taka duk shekara. Wadda ta kasa taka shi shekara biyu a jere sai a ba iyaye damar cire 'ya'yansu, idan abin ya yi tsawo a iya sauya malamai ko a sake wa makarantar fasali gaba ɗaya. Amma dokar ta bar wata ƙofa a buɗe: kowace jiha ita za ta tsara jarrabawarta, ita za ta faɗi makin da za a kira ƙwarewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A shekarar 2005 jihar Misisipi ta ba da rahoton cewa kashi 89 cikin ɗari na 'yan aji huɗu sun ƙware a karatu. A wannan shekarar dai, jarrabawar ƙasa da ake kira NAEP ta ce kashi 18 ne. Gaskiya ne ma'aunin ƙwarewa na jarrabawar ƙasa yana da tsauri, amma tsauri kaɗai ba ya haifar da tazarar kashi 71. Babu wanda ya karya doka a nan. An dai buga gindin mudun ne ya shige ciki, sannan aka auna aka ce ya cika har ya yi tozo.

Inda aka karya doka ƙiri-ƙiri kuwa shi ne Atlanta, babban birnin jihar Jojiya, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin babu inda ya fi shi nuna yadda burin shekara ke rikiɗewa ya zama annoba. Beverly Hall ta kama aikin shugabancin makarantun birnin a 1999. Gunduma ce da mafi yawan ɗalibanta baƙar fata ne, da yawansu 'ya'yan talakawa. Ta zo da tsarin buri na kanta wanda ya zarce na gwamnatin tarayya tsauri. Makarantar da ta cimma kashi 70 na burinta, ma'aikatanta su sami tukuicin kuɗi, har da masu dafa abinci. Hedimasta da ya shekara uku bai cimma ba, ya san kujerarsa na rawa. Duk shekara akan tara ma'aikata a babban filin wasa na Georgia Dome, waɗanda suka cika buri a zaunar da su a ƙasa kusa da dandamali, waɗanda suka gaza a tura su can saman benci, kowa na kallon kowa. Maki ya yi ta hawa, yabo ya yi ta zuwa, har a 2009 aka naɗa Hall gwarzuwar shugabannin gundumomin ilimi ta ƙasar baki ɗaya.

Ruwa ba ya tsami banza. Tun a ƙarshen 2008 jaridar Atlanta Journal-Constitution ta fara nuna cewa hawan makin wasu makarantu ya wuce abin da lissafi zai yarda da shi. Jiha ta sa aka bi takardun amsa na jarrabawar 2009 da na'ura, ana ƙirga wuraren da aka goge amsar kuskure aka cike ta daidai. Kowane yaro yakan goge amsa ɗaya ko biyu, wani lokaci ma ya goge daidai ya koma kuskure. Amma a ce aji guda kowa ya goge amsoshi da yawa, kuma kusan duk gugar ta faɗa kan daidai, wannan hannun babba ne. Rahoton masu binciken da Gwamna Nathan Deal ya fitar a watan Yulin 2011 ya ce an yi maguɗi a makarantu 44 daga cikin 56 da aka bincika, ya ambaci malamai da shugabanni 178, cikinsu har da hedimastoci 38, kuma 82 sun amsa laifinsu da bakinsu. A makarantar firamare ta Gideons, malamai sun kwashi takardun amsa zuwa gidan ɗaya daga cikinsu a ƙarshen mako, suka zauna da fensir da magogi suna gyarawa. A wasu wuraren an zaunar da yaro mai rauni kusa da mai ƙoƙari don ya leƙa. A firamaren Fain kuwa, rahoton ya ce shugaban makarantar ya sa malami ya rarrafa ƙarƙashin tebur a gaban abokan aikinsa saboda ajinsa bai kawo maki ba. A 2013 aka tuhumi mutum 35, aka yi amfani da dokar da asalinta an tanade ta ne domin gungun 'yan ta'asa. Ranar 1 ga Afrilun 2015 aka sami 11 da laifi daga cikin 12 da suka tsaya shari'a har ƙarshe. Ita Hall ta musanta cewa ta san da maguɗin, masu bincike suka ce ko dai ta sani ko ya kamata a ce ta sani, kuma ta rasu da ciwon daji wata guda kafin hukuncin, ba a kai ga yi mata shari'a ba.

To, a nan wani zai ce, ai wannan labarin marasa amana ne kawai, mene ne laifin buri? Dubban malamai a Atlanta ɗin sun yi aiki ƙarƙashin matsin nan kuma ba su taɓa takardar kowa ba. Wannan magana gaskiya ce, kuma ba na wanke wanda ya ɗauki magogi. Amma a dubi yadda tsarin yake. Burin bana ana gina shi ne a kan makin bara. Makarantar da ta yi ƙarin gishiri sau ɗaya ta ɗaure kanta, domin baɗi za a nemi fiye da abin da ta yi ƙarya ta ce ta samu, kuma da sababbin yara waɗanda ba su suka rubuta jarrabawar bara ba. Malamin aji huɗu da ya karɓi yaran da takarda ta ce sun ƙware alhali ba sa iya haɗa baƙi, zaɓi biyu ke gabansa: ya faɗi gaskiya makinsu ya rikito a hannunsa a ce shi ne bai iya koyarwa ba, ko ya bi sahu. Idan ka ga mutum ɗaya ya faɗa rami sai ka ce bai duba gabansa ba. Idan mutum 178 suka faɗa rami guda a makarantu 44, dole a tambayi wanda ya haƙa shi a kan hanya. Masanin zamantakewa Donald Campbell ya yi wannan gargaɗi tun 1976, cewa duk ma'aunin da aka jingina manyan hukunce-hukunce a kansa, shi kansa zai lalace, ya kuma lalata aikin da aka kawo shi ya auna. Wani abin takaici da ba a cika faɗa ba shi ne, Atlanta tana cikin manyan biranen da ke shiga jarrabawar ƙasa tun 2002, wadda malaman birnin ba su da hannu a takardunta, kuma a can ma makin yaranta ya hau a waɗannan shekaru, a hankali, daidai gwargwado. Wato akwai ci gaba na gaske. Burin da aka yanka ne ya fi ƙarfin abin da koyarwa ta gaskiya ke iya bayarwa a shekara guda, sai aka cike giɓin da fensir.

Maguɗi ma shi ne ɓarnar da ake iya kamawa. Akwai wadda doka ba ta hana ba. Wani bincike da aka yi a 2007 ya gano cewa kashi 44 cikin ɗari na gundumomi sun rage lokacin darussa irin su kimiyya da tarihi da zane a firamare domin a ƙara wa darussa biyun da ake jarrabawa a kansu. Wata mai bincike, Jennifer Booher-Jennings, ta zauna a wata firamare a Texas ta ga yadda ake kasa yara kashi uku: masu ci ko ba a taimake su ba, waɗanda ke dab da layin ci, da waɗanda aka yanke ƙauna da su. Ƙarfin malamai sai ya tafi kan na tsakiya, domin su ne za su motsa alƙaluma, na can ƙasa kuwa, waɗanda aka yi dokar da sunansu, a bar su. Jadawalin bango zai yi kore shar, kuma babu ƙarya ko ɗaya a cikinsa.

Sai dai in an ciza a busa. Masu kare tsarin buri suna da hujja mai nauyi, kuma ban yarda da masu cewa a watsar da awo gaba ɗaya a bar malami da Allahnsa ba. Kafin 2002 gunduma tana iya fakewa da matsakaicin maki, 'ya'yan masu hali su ɗaga shi sama, ba wanda ya san halin da 'ya'yan talakawa ke ciki. Dokar ce ta tilasta a fitar da sakamako rukuni-rukuni: baƙar fata, 'yan asalin Latin Amurka, masu buƙata ta musamman, masu koyon Turanci, masu cin abincin makaranta kyauta saboda talauci. Shi ya sa ƙungiyoyin kare haƙƙin baƙar fata da dama suka tsaya kai da fata a ci gaba da jarrabawar shekara-shekara. Masana tattalin arziki biyu, Thomas Dee da Brian Jacob, sun kuma nuna cewa dokar ta ɗaga makin lissafin 'yan aji huɗu da gaske, ko da yake ba su ga irin haka a karatu ba. Don haka awo ya yi amfani. Abin da ya gaza shi ne burin ɗari bisa ɗari, wanda babu ƙasar da ta taɓa cimma, da kuma ɗaura wuyan malami da lamba guda. Zuwa 2011 kusan rabin makarantun ƙasar an rubuta su cikin masu gazawa, kalmar ta rasa ma'ana, kuma a Disambar 2015 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a sabuwar doka da ta bar jarrabawar amma ta mayar wa jihohi ikon yanka buri.

Abin mamaki, misalin da ya fi nuna yadda ake yin abin daidai daga Misisipin nan ya fito, jihar da ta tauye mudu a 2005, kuma ɗaya daga cikin mafiya talauci a ƙasar. A 2013 'yan aji huɗunta suna matsayi na 49 a karatu a jarrabawar ƙasa. A wannan shekarar majalisar jihar ta yi dokar karatu, aka kuma ɗauko Carey Wright ta shugabanci ilimin jihar. Abin lura shi ne irin abubuwan da aka ɗora wa gundumomi. An sake horar da malaman ƙananan azuzuwa kan koyar da sautin haruffa da haɗa baƙi. Jiha ta ɗauki ƙwararrun masu horarwa ta tura su makarantun da suka fi rauni, suna shiga aji suna zama da malami. Ana gwada karatun kowane yaro sau uku a shekara tun daga ajin share fage, wanda aka ga yana baya a sanar da iyayensa a rubuce, a tsara masa taimako na musamman. Duk waɗannan ayyuka ne da ke hannun malami da hedimasta, ana iya zuwa a gani ko an yi ko ba a yi ba. Shaidar nasara kuwa ta fito ne daga mudun da ba ya hannunsu. Jarrabawar ƙasa samfurin yara take ɗauka, baƙi ne ke zuwa su gudanar da ita su tafi da takardunsu, ba ta fitar da makin yaro ko na makaranta, ba mai samun tukuici ko kora saboda ita. A wannan ma'auni makin jihar ya tashi daga 209 a 2013 zuwa 219 a 2019, ta koma ta 29, sannan a 2024 ta kai ta 9.

Masu suka sun ce akwai lauje cikin naɗi, domin dokar ta hana yaron da ya faɗi jarrabawar karatu ta aji uku wucewa aji huɗu, don haka an tace masu rauni kafin a zo awo. Tambaya ce mai kyau, irin wadda ya kamata a yi wa kowane jadawali mai kore. Amma yaron da aka maimaita wa aji ba ɓacewa yake yi ba, baɗi zai shiga aji huɗu a auna shi, ko da yake ya ƙara shekara guda ta karatu, kuma wannan na iya ɗaga makin kaɗan. Sannan rabin hawan nan, daga 209 zuwa 214, ya faru ne a 2015, kafin rukunin farko da aka tace su isa aji huɗu. Inda sukan ya fi kama ƙasa shi ne aji takwas, domin a can ci gaban jihar bai kai na aji huɗu armashi ba. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Duk da haka, shekara goma sha ɗaya ana hawa a ma'aunin da ba ka da iko da shi ya fi ƙarfin a kira shi sa'a.

Matsalar da ta rage ita ce, jarrabawar ƙasa ba ta ba da sakamakon ƙananan gundumomi, sai jihohi da manyan birane ashirin da 'yan kai. To gundumar firamare mai makarantu biyar ko goma, ina za ta sami mudun da ba nata ba? Atlanta ɗin ta ba da amsa ba da niyya ba. A 2010 jiha ta tura masu sa ido daga waje zuwa makarantun da ake zargi, aka tsaurara tsaron takardu, nan take maki ya faɗi a yawancinsu. Ba wata sabuwar fasaha aka kawo ba, an dai raba mai koyarwa da mai riƙe takarda ne. Kwamitin gunduma na iya yin haka da kuɗi kaɗan: malami kada ya tsare jarrabawar ajinsa, a ajiye takardu inda hedimasta ba shi da makulli shi kaɗai, a ɗebo yara ta hanyar ƙuri'a wani daga waje ya saurari karatunsu da kunnensa. Kuma idan shugaba ya zo da jadawalinsa, lambar da ta yi tsalle fiye da kima ita ya kamata a fi yi wa tambayoyi, domin a Atlanta makarantun da suka fi kowa tsalle su aka riƙa zaunarwa a sahun gaba. Ɗan kwamitin da ya san aikinsa zai tambaya ko yaran da aka auna bana su ne na bara, ko an sauya jarrabawar ko makin ci a tsakani, yara nawa ne ba su zauna ba kuma su waye, sannan na can ƙasan aji sun motsa ko suna nan inda suke. Shugaban da ya zo da ja a jadawalinsa ya kuma iya bayyana dalili, a ganina ya fi cancantar a sabunta masa kwantiragi a kan wanda bangonsa bai taɓa nuna ja ba.

Su kuwa yaran Atlanta da aka gyara wa amsa, takarda ta ce sun ƙware, don haka da yawansu ba a sa su cikin masu samun darasin taimako ba, a daidai shekarun da yaro ke kama karatu ko ya kuɓuce masa. Masu bincike na Jami'ar Jihar Jojiya sun bi sawunsu, suka fitar da rahoto a 2015 cewa dubban yara abin ya shafa, kuma a shekarun da suka biyo baya sun kasance a bayan takwarorinsu a karatu da Turanci. Gundumar, ƙarƙashin sabuwar shugaba Meria Carstarphen, ta buɗe shiri na musamman domin waɗanda suka rage a makarantunta, da masu koyarwa na ƙarin lokaci da masu ba da shawara, don a ga sun kammala sakandare. A lokacin, yaron da yake aji uku a 2009 ya riga ya shiga aji tara ko goma, wasu kuma sun bar birnin ko sun bar karatun. Sunan da aka sa wa shirin shi ne Target 2021, wato Burin 2021.